Yaƙin Da Ake Yi A Cikin Tabon Kuturta

Gabatarwa

Kowa a cikinmu ya san sunan kuturta, amma kaɗan ne suka san yadda take somawa. Da an ambace ta, abin da yakan zo wa mutane a rai shi ne dungun hannu, da gyambon ƙafa, da mai bara a bakin kasuwa. Wannan kuwa ƙarshen labari ne. Farkonsa ɗan tabo ne a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, har mai shi yakan ɗauka kyasfi ne ko makero, ya shafa mai ya ci gaba da harkarsa.

A wannan darasi za mu leƙa cikin tabon nan mu ga abin da ke gudana a ƙarƙashin fata. Likitoci sukan yanki ɗan naman tabon wanda bai fi ƙwayar wake ba, su yayyanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, su rina shi, sa'an nan su sa shi a ƙarƙashin madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, wato maikuroskof. Abin da suke gani filin daga ne, inda sojojin jiki suke arangama da baƙuwar da ta shigo. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: irin kuturtar da za ta fito wa mutum, da yawan tabon da zai yi, da ko zai iya sa wa wani, da hatsarin da hannuwansa da ƙafafunsa suke ciki, duka sun dangana ne ga yadda sojojin jikinsa suka tarbi ƙwayar cutar.

Kafin mu ci gaba, a lura da kalmomi biyu. In mun ce ƙwayar cuta, muna nufin baƙuwar da ta shigo daga waje. In mun ce ƙwayar halitta, muna nufin 'yan mitsi-mitsin tubalan da Allah ya gina jikinmu da su. Sojojin jiki ƙwayoyin halitta ne, namu ne na gida.

Baƙuwar da ke kawo cutar

Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Gerhard Armauer Hansen, shi ne ya fara ganin ƙwayar kuturta a garin Bergen a shekara ta 1873, a zamanin da likitoci da yawa suke cewa cutar gado ce. Sunanta na kimiyya Mycobacterium leprae, 'yar'uwa ce kuma ga ƙwayar tarin fuka. In an rina su, duka biyu sukan fito kamar 'yan gajerun sanduna jajaye. A 2008 an gano wata 'yar'uwarta a jikin waɗansu 'yan asalin ƙasar Meziko, ita ma takan kawo kuturta, amma ta farkon ita ce ta game duniya.

Halinta uku ne ya kamata mu sani. Na ɗaya, nawa gare ta ƙwarai. Akwai ƙwayoyin cuta na cikin hanji da sukan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta yi kwana 12 zuwa 14 kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa mutum yakan yi wajen shekara 5 da ita a jiki, wani ma har shekara 20, kafin alama ta fito. Na biyu, ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Har wa yau ba a iya renonta a kwalba a ɗakin bincike ba. Sai a 1960 Charles Shepard na Amurka ya samu ta yaɗu a tafin ƙafar ɓera, a 1971 kuma aka gane tana yaɗuwa a jikin amadilo, wata dabbar nahiyar Amurka mai sulke a baya. Na uku, wuri mai sanyi-sanyi take so. Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne, ita kuwa ta fi jin daɗin wajen digiri 30. Saboda haka fata, da hanci, da kunne, da jijiyoyin da suke kusa da fata su ne mazauninta, hammata da matsematsi kuwa sukan tsira.

Tana fitowa ne ta hanci da bakin mai cutar da bai fara shan magani ba, ta shiga wanda ya daɗe yana zaune tare da shi, watanni da yawa. Gaisawa da hannu, ko zama a benci ɗaya a majami'a, ba sa kawo ta. Ban da haka, kimanin mutum 95 cikin 100, ko ƙwayar ta shige su, sojojin jikinsu sukan gama da ita ba tare da sun sani ba. Darasinmu a kan sauran 'yan kaɗan ɗin nan ne.

Sojojin da ke tsaron fata

Fata hawa biyu ce. Akwai ta sama, siririya, akwai ta ƙasa mai kauri, inda hanyoyin jini, da saiwar gashi, da maɓuɓɓugan zufa, da jijiyoyin ji suke. Daga nan har ƙarshe, in mun ce jijiya muna nufin wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ba ta jini ba. Sojojin da za mu sadu da su iri 5 ne, asalinsu kuwa daga ɓargo yake.

1. Ƙwayoyin Langerhans. Su ne 'yan leƙen asiri. Suna zaune a hawan sama na fata, in sun kama baƙo sai su ɗauki guntunsa su kai wa 'yan ƙullutun nan na wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa. A can ake nuna wa sauran sojoji kamannin abokin gaba.

2. Makurofej. Ma'anar sunan babban maciyi. Aikinsa shi ne ya haɗiye duk wani baƙo ko datti, ya narkar da shi a cikinsa.

3. Limfosayit T. Kashi biyu ne manya. Akwai masu alamar CD4, su ne masu ba da umarni, su ne kuma waɗanda ake ƙirgawa a asibiti ga masu ciwon ƙanjamau. Akwai masu alamar CD8, waɗanda yawancinsu aikinsu kashe ƙwayar halittar da baƙo ya ɓuya a cikinta.

4. Limfosayit B. Su ne maƙera. Suna ƙera wasu makamai da ake kira antibodi, masu yawo cikin jini kamar kibau.

5. Nutrofil. Su ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyin jini, su ne kuma sukan riga kowa isa wurin rauni. Mugunyar da muke gani a maruru yawancinta gawarwakinsu ne. Ba a cika ganinsu a tabon kuturta ba sai a wani yanayi da za mu zo kansa.

To, ga inda gizo yake saƙa. Ƙwayar kuturta tana sanye da riga mai kauri, mai maiƙo kamar kakin zuma. Makurofej yakan haɗiye ta, amma ba ya iya narkar da ita da ƙarfin kansa. Sai limfosayit CD4 ya gane ta, ya aiko masa da wani saƙo mai suna intaferon-gama, sa'an nan ya hura wutar cikinsa ya kashe ta. In saƙon ya iso, labari ɗaya ne. In bai iso ba, labari ya sake.

Tabon da aka yi wa ganuwa

Bari mu fara da mutumin da saƙon ya iso wa sojojinsa. Irin kuturtarsa ana kiranta tubakuloyid, domin yadda sojoji suke jeruwa a cikinta ya yi kama da abin da ake gani a huhun mai tarin fuka.

A maikuroskof za a ga sojojin sun kafa sansani a dunƙule, wanda ake kira giranuloma. A tsakiyarsa akwai makurofej da suka sake kama, suka yi faɗi, suka manne da juna kamar tubalan gini, ba ko kafar da baƙo zai bi ya fita. Waɗansu ma sukan narke cikin juna su zama ƙatuwar ƙwaya ɗaya mai cibiyoyi da yawa a jere kamar jinjirin wata. Sunanta ƙatuwar Langhans. 'Yan ajin kimiyya su kula, Langhans dabam, Langerhans na lamba 1 dabam, likitoci biyu ne masu suna kusan iri ɗaya. Limfosayit CD4 suna cakuɗe da makurofej a tsakiyar sansanin suna ba da umarni, CD8 kuwa sun kewaye shi ta waje kamar ganuwar birni. In an ƙirga, CD4 sukan ninka CD8 wajen sau 2.

Sakamakon wannan shiri shi ne, ƙwayoyin cutar kaɗan ne ƙwarai, har mai dubawa yakan bincike yankin nama duka bai ga ko ɗaya ba. A waje kuma tabon ba shi da yawa, daga 1 zuwa 'yan kaɗan, yana da iyaka a fili, bakinsa ya ɗan tashi, cikinsa a bushe, gashi ya zube, ba ya zufa, in an taɓa shi da auduga mai shi ba ya ji. Irin wannan mutum da wuya ya sa wa wani cutar. Amma nasarar tana da tsada, gama sansanin yakan kafu ne a kewayen 'yan jijiyoyin fata, da saiwar gashi, da maɓuɓɓugan zufa, ya murƙushe su. Bushewar tabon da rashin jinsa ɓarnar yaƙi ce.

Tabon da aka ci gari

Yanzu sai mutum na biyu, wanda saƙon bai iso wa sojojinsa ba. Irin tasa ana kiranta lefromatos. A nan ba sansani, ba ganuwa. Makurofej ne kawai shimfiɗe ko'ina cikin hawan ƙasa na fata, kowanne ya cika fal da maiƙo har ya yi kamar kumfar sabulu. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ne ya bayyana su a shekarun 1860, tun kafin Hansen ya ga ƙwayar cutar kanta, shi ya sa ake kiransu da sunansa. In an rina su sai a ga cikinsu maƙil da jajayen sandunan nan, curi-curi, waɗansu a ɗaure kamar ƙunshin tsintsiya. Suna iya kai biliyan 1 a giram 1 na nama. Tsakanin wannan taro da hawan sama na fata akwai wani siririn fili fayau, wanda likita yakan gane irin cutar da shi.

Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Makurofej ɗin da aka aika ya kashe baƙuwa shi ne ya zama mai masaukinta, yana ba ta ɗaki, maiƙon da ya tara kuma ya zama abincinta. Limfosayit kaɗan ne a wurin, a warwatse suke, a wannan karo kuma CD8 sun fi CD4 yawa. Maƙera kuwa suna ta aiki, jinin irin wannan mutum cike yake da antibodi. Sai dai kibiya ba ta samun wanda ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Tun da ƙwayar cutar tana cikin ƙwayar halitta, antibodi ba su isa gare ta.

A waje, tabon yana da yawa, dama da hagu daidai wa daida, yana sheƙi, ba a gane iyakarsa sosai, da farko ma mai shi yana jin taɓawa a wurin. Sannu a hankali fatar fuska da ta kunne sukan yi kauri, ƙulle-ƙulle su fito, gashin gira ya zube, hanci ya riƙa toshewa yana haɓo. Daga hancin irin wannan mutum ne, in bai sami magani ba, miliyoyin ƙwayoyin cutar suke fita. Abin lura a nan shi ne, mai dungun hannu da jama'a suke gudu sau da yawa ya riga ya warke tuntuni, wanda yake yaɗa cutar kuwa yana cikin mutane da yatsunsa 10 cif, shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba.

Me ya raba su?

Sojojin jiki suna magana da juna ta wurin waɗansu sinadarai da ake kira saitokin. A 1991 Robert Modlin da abokan aikinsa a Amurka suka auna saƙonnin da ke cikin tabon iri biyun nan. A tabon tubakuloyid suka tarar da intaferon-gama da intalukin-2 sun fi yawa, wato saƙonnin da ke cewa a tashi a yi yaƙi. A tabon lefromatos kuwa suka tarar da intalukin-4 da intalukin-5 da intalukin-10, waɗanda suke zuga maƙera su yi ta ƙira, suna kuma sanyaya gwiwar makurofej. Na farkon ake kira tsarin Th1, na biyun Th2, kuturta kuma ita ce misalin da malaman ilimin garkuwar jiki suka fi kawowa in suna koyar da wannan babi. Bincike na baya ya nuna makurofej na mutum yana bukatar bitamin D kafin ya iya cika umarnin intaferon-gama. A 2021 kuma, da aka sami na'urar da ke karanta aikin kowace ƙwayar halitta ɗaya bayan ɗaya, aka ga har ƙwayoyin fata na yau da kullum, waɗanda ba sojoji ba ne, suna taya sansanin yaƙi.

Tun 1919 wani likitan Jafan, Kensuke Mitsuda, ya samo hanyar ganin wannan bambanci da ido. Akan yi wa mutum allurar matattun ƙwayoyin kuturta a cikin fata, a jira mako 3 zuwa 4. Mai tubakuloyid zai yi ƙullutu a wurin, domin sojojinsa sun gane baƙuwar sun kafa sansani. Mai lefromatos ba abin da zai fito masa. Wannan gwaji ba ya nuna ko mutum yana da cutar, ƙarfin amsar jikinsa kawai yake nunawa.

Kada a ɗauka mai lefromatos ba shi da garkuwa sam. Jikinsa yana yaƙi da sauran cututtuka kamar na kowa, wannan baƙuwa ɗaya tak ce sojojinsa suka makance a kanta. Yanayin garkuwar da mutum ya gada daga iyaye yana da hannu a ciki, haka kuma talauci, da ƙarancin abinci, da cunkoso a ɗaki suna ƙara hatsarin kamuwa. Amma cutar kanta ba a gadonta, ba kuwa sammu ba ce. Allurar BCG da ake yi wa jarirai domin tarin fuka tana ba da wata kāriya daga kuturta ma, ko da yake ba cikakkiya ba.

Yawancin masu cutar suna tsakanin iyakokin nan biyu ne. A 1966 likitoci biyu na Ingila, Dennis Ridley da William Jopling, suka jera kuturta hawa 5 kamar tsani: tubakuloyid a sama, lefromatos a ƙasa, hawa 3 na tsaka-tsaki a tsakaninsu. Duk hawan da aka sauka, sansani yana ƙara wargajewa, ƙwayoyin cutar suna ƙaruwa. Masu tsaka-tsakin nan ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. In ba magani sukan gangara ƙasa, da magani kuma sukan hau sama.

Yadda jijiya take mutuwa

Kowace jijiya tana da abin da ya naɗe ta kamar yadda roba take naɗe wayar lantarki. Ƙwayoyin halittar da suke wannan aiki sunansu ƙwayoyin Schwann, ƙwayar kuturta kuwa tana da wani sinadari a rigarta, mai suna PGL-1, da ke taimaka mata ta manne musu ta shige ciki. A mai tubakuloyid, sojoji sukan bi ta har cikin jijiyar su kafa sansani a can. Jijiyar sai ta kumbura a cikin kubenta wanda ba ya buɗuwa, jini ya kasa isa gare ta, ta lalace da wuri, amma jijiya 1 ko 2 ne kawai. A mai lefromatos ɓarnar takan zo a hankali, bayan shekaru, amma takan kama hannu biyu da ƙafa biyu, kamar an sa wa mutum safa.

Jijiya aiki uku gare ta a gaɓa: ji, da motsi, da zufa. In ta gwiwar hannu ta lalace, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan ƙandare. In ta gefen gwiwar ƙafa ce, mutum ya riƙa jan ƙafa. In ta bayan idon sawu ce, tafin ƙafa ya daina ji, ya bushe, ya tsattsage. In ta fuska ce, ido ya ƙi rufuwa, ƙura ta yi ta shiga har ya kai ga makanta.

Dr. Paul Brand, likitan mishan da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya daga ƙarshen shekarun 1940, shi ne ya tabbatar wa duniya cewa kuturta ba ta cin yatsu. Rashin jin zafi ne yake cin su. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ta ƙone ba ta sani ba. Manomi ya wuni yana riƙe da ƙotar fartanya, hannu ya yi bororo ya fashe, gobe ya koma gona. Ƙaya ta shiga ƙafa, mai ita ya yi ta takawa a kanta mako guda. Waɗansu ƙwayoyin cuta dabam su shiga raunin har ƙashi, ƙashin ya riƙa zaizayewa, yatsa ya gajarce. Ashe zafin da muke ƙi ɗin nan kyauta ce daga wurin Allah, mai gadi ne da ke tsare mana gaɓoɓi.

Sa'ad da garkuwa ta yi bore

Wani lokaci yaƙin da ke tafiya a hankali yakan ɓarke farat ɗaya. Ma'aikatan lafiya suna kiran wannan riyakshon, iri biyu ne kuma.

Na farko yakan sami masu tsaka-tsaki, sau da yawa a watannin farko na shan magani, ko mace bayan haihuwa. Limfosayit CD4 ne suke farkawa su kwararo cikin tabon da ƙarfi. Tabon da yake kwance sai ya kumbura ya yi ja, jijiya ta kama ciwo, hannu ko ƙafa su iya shanyewa cikin 'yan kwanaki. Na biyu yakan sami masu lefromatos, har kusan rabinsu, da na hawan da ke kusa da su. A nan antibodin nan masu yawa ne suke haɗuwa da guntayen ƙwayoyin cutar su yi gudaji, sai nutrofil su yi dafifi a wurin. Jajayen ƙulle-ƙulle masu zafi su fito a hannuwa da cinyoyi da fuska, ga zazzaɓi, ga ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har da ido.

Riyakshon ba alama ce ta cewa magani ya ƙi mutum ba, ba a kuma daina maganin dominsa. Yakan zo ma bayan an gama magani, gama jiki yakan ɗauki shekaru kafin ya share gawarwakin ƙwayoyin cutar. Abin da ake yi shi ne a garzaya asibiti a ranar, a ƙara wa mutum maganin da ke kwantar da sojoji, yawanci firednisolon, na tsawon watanni a ƙarƙashin kulawar likita. Jijiyar da aka kai asibiti kafin ta yi wata 6 da rauni tana iya farfaɗowa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magani

Ƙasarmu tana da hannu a tarihin maganin kuturta. A mazaunin masu kuturta na Uzuakoli, a jihar Abiya ta yanzu, Dr. John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya ba da dafson ta baki, a can kuma Dr. Stanley Browne ya fara gwada kulofazimin, aka buga sakamakon a 1962. A Arewa, mishan dabam-dabam sun daɗe suna jinyar masu cutar a wurare kamar Garkida, da Molai, da Mangu, da Yadakunya, da Amanawa, da Babbar Ruga, haka kuma a Danja kusa da Maraɗi a Nijar.

Da ƙwayar ta fara jure wa dafson shi kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa magunguna, abin da ake kira MDT, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi ko'ina a duniya. Domin sauƙin aiki an mai da hawa 5 ɗin nan kashi 2. Mai tabo 1 zuwa 5, wanda ba a ga ƙwayar a gwajin fatarsa ba, jijiyarsa kuma ba ta taɓu ba, yana shan magani wata 6. Mai tabo fiye da 5, ko wanda jijiyarsa ta taɓu, ko aka ga ƙwayar a gwaji, wata 12. Tun 2018 shawarar hukumar ita ce dukansu su sha iri 3: rifamfisin, da dafson, da kulofazimin. Rifamfisin yakan sa fitsari ya yi ja na ɗan lokaci, kulofazimin yakan sa fata ta yi duhu, amma takan washe bayan an gama. Da zarar mutum ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar. Mutanen gidansa kuma a duba su, ana iya ba su rifamfisin sau ɗaya domin rigakafi.

Aikin bai ƙare ba. A 2023 an sami sababbin masu cutar 182,815 a duniya, mafi yawansu a Indiya da Birazil da Indonesiya, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suke samun fiye da 1,000 a shekara.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Waɗansu 'yan'uwa sukan kawo Littafin Firistoci sura 13 da 14 su ce ai Allah ne ya ce a ware kuturu. Ya kamata mu sani kalmar Ibrananci da aka juya ta zama kuturta a wurin ta ƙunshi cututtukan fata iri-iri, har ma da abin da yakan fito a jikin tufa da bangon ɗaki, abin da ƙwayar Hansen ba ta yi. A Bisharar Markus sura 1 kuwa, Ubangijinmu Yesu da hannunsa ya taɓa mai cutar da ya zo wurinsa. Mu da muka san akwai magani ba mu da hujjar gudun kowa. Tsoron a kira mutum kuturu shi ne yake sa ya ɓoye tabonsa a ƙarƙashin riga har jijiya ta mutu. Wanda ya gama maganinsa ya warke, ko da hannunsa bai miƙe ba, bai kamata a ci gaba da kiransa da sunan cutar ba.

Saboda haka, ɗalibai, in kun je hutu ku buɗe ido. Tabon da ya fi jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ya daɗe bai tafi ba, a sa mai shi ya rufe ido a taɓa wurin da bakin auduga, a ce ya nuna inda aka taɓa. In bai ji ba, ko yana kukan hannu ko ƙafa sun mutu masa, a raka shi asibitin gwamnati ko na mishan mafi kusa, a tambayi mai kula da tarin fuka da kuturta. Zumuntar mata da ta matasa kuma za su iya amfani da Lahadin ƙarshe na watan Janairu, Ranar Kuturta ta Duniya, su bayyana wa ikkilisiya waɗannan abubuwa. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.

Tambayoyi domin nazari

1. Kawo halaye 3 na ƙwayar kuturta, ka nuna yadda kowanne ya shafi alamun cutar.
2. Zana sansanin tubakuloyid, ka nuna mazaunin makurofej, da CD4, da CD8.
3. Me ya sa antibodi masu yawa ba sa warkar da mai lefromatos?
4. Bayyana yadda mutum yakan rasa yatsu alhali ƙwayar cutar ba ta cin nama.
5. Mai shan MDT ya ga tabonsa ya kumbura, gwiwar hannunsa tana ciwo. Wace shawara za ka ba shi?